Gidan wankan bayan Mile 12 da fayif ɗin da ake buɗewa da dare

Akwai wani gidan wanka da bahaya a bayan kasuwar Mile 12, ta ɓangaren da ƙasa ke gangarawa zuwa Agiliti da Maidan. Ba zan faɗi layin ba, ba kuma zan faɗi sunan mai shi ba dan ba tonon silili na zo yi ba, mutum ne mai mutunci a unguwa kuma ya gyara daga baya. Lamarinsa nake so mu bi tun daga tushe, sabida irin abinda ya faru da shi a daminar 2024 yana faruwa a wurare da yawa inda mutanenmu suka taru a Legas, shi dai nasa ne ya fito fili.

Da farko ya kamata a san amfanin wurin, dan kar wani ya ce a rushe kawai a huta. Tun kafin kiran assalatu ake layi a ƙofarsa, 'yan dako, 'yan baro, direbobin da suka kwana a hanya da tumatur da albasa da tattasai daga Arewa, yaran mota, masu kwana a rumfa da ba su da ɗaki balle makewayi. Kowa da butarsa, a ba ka bokiti ɗaya da soso da gutsuren sabulu ka biya ka shiga. Duk wanda ya zauna a irin unguwannin nan ya san in babu gidan wanka toh leda ce da bakin kanal, babu wata hanya ta uku. Wannan mutumin hidima yake yi wa jama'a wallahi, kuma da ita yake ciyar da iyalinsa da yaran da ke masa aiki.

Matsalar tana ƙarƙashin ƙasa ne, a bayan ginin. Ramuka biyu ne a wurin. Na farko tanki ne na siminti rufaffe, nan komai ke fara faɗawa, mai nauyi ya nutse ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso sama, sai wasu ƙwayoyin halitta da ido baya gani, irin waɗanda basa buƙatar iska, su riƙa cin lakar nan a hankali tana raguwa. Ruwan tsakiya shi ke tsallakawa rami na biyu, wato sokawe, shi kuma ba a shafe shi da siminti ba da gangan dan ƙasa ta riƙa tsotse ruwan. A Katsina ko Gusau inda ƙasa take a bushe kuma ruwa na can nesa wannan tsarin sai ya yi shekaru ba ka ji ɗuriyarsa ba. Amma bayan Mile 12 fadama ce aka cike aka yi gini a kai, ka yi haƙa kaɗan ka tarar da ruwa ko da rani, toh ina ga watan Yuni da Yuli da sama ke zuba ba ƙaƙƙautawa. Ruwan ƙasa sai ya taso ya shiga ramin ta ƙasa da ta gefe, ramin da aka haƙa dan ya zubar ya koma shi ke ɗiba. Ga shi kuma wanda ya yi aikin tun farko ya haɗe ruwan wanka da na bahaya duk a fayif ɗaya, alhali ruwan wankan shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba, sannan yaran gidan kullum suna tuttula Hypo da Izal dan kashe wari, su a ganinsu tsafta ce, basu san suna kashe ƙwayoyin da ke cin lakar ba ne.

Sai ya zama tanki na cika tun kafin a manta da kuɗin kwasar da ta wuce. Motar kwasa kuma ba arha ba, dizal ya yi tsada, layin matsattse ne sai an ƙara dogon tiyo, kowane zuwa sai ta cinye ribar kwanaki. A nan ne wani mai aikin famfo ya ba shi shawarar da ta jawo komai. Aka binne fayif daga saman rami na biyu zuwa babbar kwatar bayan layi, aka sa masa murfi aka ɗora bulo a kai, in aka yi ruwa mai ƙarfi da dare sai yaro ya je ya buɗe, kafin asuba ya rufe. Daga baya ma har ƙaramin injin jan ruwa aka kawo, ƙarar janareto da ta ruwan sama su rufe tasa.

Hujjarsu ita ce hujjar kowa: ai ruwan sama zai wanke, ruwa mai gudu baya riƙe dauɗa. Ni dai a ganina wannan maganar ita ce asalin ciwon, ta fi fayif ɗin kansa haɗari, dan fayif ana toshe shi da buhun siminti ɗaya amma ita tana cikin kan dubban mutane, har da masu manyan gidaje a Lekki da Ikoyi, ba talakan Mile 12 kaɗai ba.

Wanda ya fara ganewa wani dattijo ne a gidan hayar da ke jikin katangar, tsohon maigadi, a rijiyar tsakar gidan yake ɗiban ruwan alwala shekara da shekaru. Ya ɗebo a buta ya kai hanci ya ajiye, ya sake jefa guga ya zuba a farin roba ya fito da shi rana, ruwan ya yi duhu-duhu da wani ɗan kumfa a baki-baki wanda baya fashewa. Ya ce wa matan gidan kar wanda ya ƙara alwala da shi balle girki, ruwa baya tsami banza. Abinda aka koya mana tun muna yara ya yi amfani da shi, in najasa ta canja launin ruwa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya tashi daga mai tsarkakewa. Sai dai fa a kula, kafin hanci ya ji, cuta ta daɗe da shiga, ƙwayar kwalara da ta taifot suna zama a ruwa garai-garai wanda ba ya wari ko kaɗan. Ma'aikatan lafiya sukan ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, wannan kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma in kwata ta cika ta yi ambaliya har bakin rijiyar take zuwa. A waɗancan makonnin yaran gidan sun sha gudawa, ana ta zirga-zirga kemis da asibiti ana haɗa ruwan gishiri da suga, ga shi a watan Yunin ne gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar kwalara, Legas Ailan ta fi shan wahala, sai tsoro ya shiga kowa a layin.

Wannan na kusa ke nan, wanda ya taɓa maƙwabta. Na nesa shi ne ba mai magana a kai, ina abin ke tafiya in ya bar kwata? Kwata ta kai shi kanal, kanal ya sauke shi a rafukan bayan unguwa, su kuma duk dangin kogin Ogun ne, kogin da ya taso tun daga jihar Oyo ya ratsa Abeokuta ya biyo ta Akute da Isheri ta ƙarƙashin gadar Kara, ya rarrabu ta wajen Agboyi da Ikorodu ya faɗa lagun, wato babban tafkin nan na Legas da ke haɗe da teku. Lagun ɗin kuma ba kogi ba ne da zai kwashe ya wuce, ƙofarsa zuwa teku ɗaya ce ta wajen tashar jiragen ruwa, kuma in teku ta cika tana turo ruwa baya, dan haka abinda ya shiga yakan daɗe yana kai da kawowa.

Kifi yana numfashi ne da iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, kuma ba ta da yawa. In ɗanyar ƙazanta ta shigo, ƙwayoyin halittar da ke cikin kogin su samu abinci su yi ta hayayyafa, wajen cin nan suke zuƙe iskar. In ƙazantar kaɗan ce kogi na iya jurewa, ya yi tafiya ya sha iska ya farfaɗo, nan ne gaskiyar masu cewa ruwa mai gudu na wanke kansa ta tsaya. In ta fi ƙarfinsa iskar ta ƙare sai ruwan ya yi baƙi ƙirin ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka ga ƙwal-ƙwal ɗin kumfa na tasowa daga ƙasa. Karfasa ta gudu ko ta mutu, tarwada ce ke daurewa dan ita tana iya leƙowa sama ta haɗiyi iska. Duk ɗan Kano da ya san Jakara ya san kalar da nake nufi. Bayan haka fitsari da kashi taki ne, suna ɗauke da naitirojin da fosfaros, su ne abincin kainuwar nan mai fure ruwan shuni da ta shigo ruwan Legas ta Badagry a 1984, yanzu duk shekara sai ta rufe hanyar jiragen ruwa ta wajen Ikorodu ta hana masunta jefa koma. A 2016 ciyawa da tarkace sun toshe kogin Ogun a gadar Kara har mutane suka riƙa takawa a kai suna ɗaukar hoto, da yawa cikinmu sun gani da ido.

Kuma abin yana dawowa. Wajen Satumba da Oktoba in aka saki ruwa daga dam ɗin Oyan kogin ya cika, kanal sai ya juya da baya, Agiliti da Maidan da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu su kwana cikin ruwa, ruwan da ke shiga ɗaki ya jiƙa katifa da buhun shinkafa ai shi ne wanda aka buɗe wa murfi da dare. Sannan kogin nan dai a can sama ta Akute daga cikinsa ake jan ruwan da ake tacewa a matatar ruwan sha ta Iju, wadda aka buɗe tun 1915, da kuma Adiyan, a turo wa gari a famfo. Namu baya hawa can dan muna ƙasa da wurin, amma na saman mu in suka yi irin abinda muke yi mu za mu sha.

Toh me ya kamata ya tsaya tsakanin masai da kogi? Matatar gurɓataccen ruwa. Aikinta ba wani siddabaru ba ne, farkonsa ma duk macen da ta taɓa yin gasara ta san shi, a tace da rariya, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama. Ruwan yana fara bi ta ragar ƙarfe da ke tare leda da tsumma da robobi, ya wuce inda yashi da tsakuwa ke zama, ya shiga babban tanki ya natsu laka ta kwanta a ɗebe ta. Daga nan ne ainihin aikin, a tura shi wani tankin da inji ke hura masa iska ba dare ba rana, a cikinsa ana kiwon ƙwayoyin halittan nan da gangan, su cinye abinda da za su je su ci a kogi, da iskar inji ba da iskar kifi ba. A Manchesta ta Ingila aka gano wannan dabarar a 1914 kuma har yau ita ake yi a yawancin manyan biranen duniya. Sai a sake barinsa ya kwanta, a sa kulorin a kashe sauran ƙwayoyin cuta, sannan a sake shi ya tafi kogi. Lakar kuma a shanya ta ta bushe, in an sarrafa ta da kyau taki ce, ana ma samun gas na girki daga ita. Inda fili yake da yawa ko inji ba a buƙata sosai, jerin tafkuna ake yi rana da iska su yi aikin, sai dai fili a Legas kowa ya san kuɗinsa. Kuma kogi yana warkewa in an daina ɗura masa, kogin Tems na Landan a 1957 an ce ya mutu babu mai rai a cikinsa, da aka gyara matatun kifi ya dawo.

Legas kuwa, garin da gwamnatinsa ke cewa ya haura mutum miliyan 20, bashi da babban bututun ƙarƙashin ƙasa da ya haɗe gidaje zuwa matata. Da can bokiti ake yi, masu kwasa su ɗauka a ka da dare, an daɗe ana juyewa a lagun ta gefen Iddo, a shekarun 1980 aka hana bokitin kowa ya koma tanki da sokawe. Matatun gwamnati da aka fi sani 'yan ƙanana ne, na Abesan da Oke-Afa da Iponri, rukunin gidajen zamanin Lateef Jakande da ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1983, sai ta sakatariyar Alausa, kowace unguwarta aka gina wa. Akwai ofishin jiha mai kula da gurɓataccen ruwa, LASWAMO, shi ke sa ido kan motocin kwasa da wuraren da aka ware musu su juye. Ka ga ke nan a garin nan motar kwasa ita ce bututunmu, in ta kai inda ake tacewa an tsira, in ta tsaya a bakin kanal da tsakar dare toh daidai take da fayif ɗin Alhaji mai gidan wankan nan, sai dai ita an biya ta kuɗi.

Mu koma layin. Kafin maƙwabta su gama shawarar kai ƙara wajen manya wani ya riga ya sanar da hukuma, jami'ai suka zo da safe suka bi kwatar har suka ɗaga bulon, suka garƙame wurin suka manna takarda. Abinda ya biyo baya ya kamata duk mai tunanin rufewa ita ce magani ya ji. Mutanen da ke layi da asuba ai basu ɓace ba, cikinsu bai daina aiki ba. Cikin 'yan kwanaki kwatar ta cika da baƙaƙen ledoji ɗaurarru, bayan shaguna ba ya biyuwa, mai shayin bakin layi ya ɗauke teburinsa. Ƙazantar da da take fita da dare ta fayif ɗaya yanzu tana fita da rana ta ko'ina.

Aka zauna a gaban Sarkin Hausawan yankin, da liman da dattijon nan da mai gidan hayar, wani Bayarabe da shi ma ransa ya ɓaci dan 'yan haya sun fara maganar tashi. Alhaji bai musa ba. Ya ce ranka ya daɗe na yi, kuma na ji kunya, amma a duba min, in na kira mota duk lokacin da ramin nan ya cika sai na ninka kuɗin shiga, in na ninka yaran nan leda za su koma, kuma ni kaɗai ne a kan kwatar nan? Dattijon ya ce masa Alhaji ba kai kaɗai ba ne amma taka ce ta shigo mana rijiya, jikokina ne suka kwanta. Liman ya tunatar da hadisin da ya hana yin bahaya a mashayar jama'a da kan hanya da inuwar da ake hutawa, ya ce wanda ya tura ta fayif da wanda ya tsuguna a bakin ruwa wuri ɗaya suka aika. Ba a yi hayaniya ba, gyara kayanka ai baya zama sauke mu raba.

Ga abinda aka yi, kuma Alhaji ne ya ɗauki yawancin kuɗin bayan tarar da ya biya. An fasa fayif ɗin an cike gurbinsa da kankare a gaban shaidu. An raba ruwan wanka da na bahaya, na wankan yana bi ta wani ɗan akwatin siminti mai tare maiƙo da gashi sannan ramin tsakuwa da yashi kafin ya fita, ba wai ya zama tsaf ba ne amma ba najasar ciki ba ce, kuma wannan rabawar kaɗai ta sa tankin ya daina cika da wuri. Rami na biyu da ruwan ƙasa ke shiga an yashe shi an shafe shi da siminti ciki da ƙasa ya zama ma'aji rufaffe, tunda dai ƙasar wurin bata tsotsa gara a daina yaudarar kai. An hana tuttula magani a masai, a wanke daɓe da shi kawai. An kuma kafa doka babu yaron da zai ƙara shiga rami da igiya a ƙugu, wannan ta fi min komai daɗi dan iskar da ke taruwa a ramin nan tana kayar da mutum cikin numfashi kaɗan, wanda ya shiga ceto shi ma ya bi, kuma sau da yawa yaranmu ne 'yan ci-rani ake ba wannan aikin dan kuɗi ƙalilan. Rijiyar gidan hayar an kwashe ta an zuba kulorin an ɗaga bakinta an yi murfi, amma an bar ta ga wanki da share-share, na sha da girki saye suke yi.

Kuɗin shiga an ƙara kaɗan, an yi gunaguni mako ɗaya aka saba. Maganar mota ce ta ɗan ba da wahala. Direban farko da aka samu mai sauƙin kuɗi ne kuma yana dawowa da wuri fiye da kima, nan aka yi zargi, Alhaji ya sa yaronsa ya bi shi a baya, ashe wani lungu yake shiga ya saki tiyo a kanal. Aka sallame shi aka nemo mai rajista, sharaɗin shi ne babu cikon kuɗi sai ya kawo rasit na wurin juyewa. Ya fi tsada, kuma wani lokacin sai ya yi layi a can ga go-sulo, amma a nan ne kaɗai lamarin ya taɓa kogi da gaske, sauran duk gyaran tsakar gida ne.

Abinda nake gani shi ne Alhaji ya yi nasa, kuma duk mai gidan wanka a garin nan zai iya yin waɗannan ba sai an garƙame shi ba. Amma nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kasuwa kamar Mile 12 da ke karɓar dubban mutane kullum, ana karɓar kuɗin shiga a kowace mota da kowane kwando, ta cancanci ƙaramar matata tata a kusa ko aƙalla wurin juyewa mai aiki wanda mota za ta je ta dawo ba tare da ta ƙona ribarta a hanya ba, dan muddin juyewa a kanal ya fi sauƙi da arha za a samu mai yi. Shugabannin kasuwa da sarakunanmu suna zama da gwamnati kan maganar haraji da tsaro da wurin fakin tirela, wannan ma a sa ta a takarda a kai.

Kwatar bayan layin har yanzu baƙa ce. Akwai wasu gidajen wanka biyu a samanta da gidajen haya da dama da ake kyautata zaton suna da irin wannan fayif ɗin. Kwamitin da Sarki ya naɗa ya je wajen masu gidajen wankan, Alhaji da kansa ke gaba yana nuna musu yanda ya raba ruwan nasa da abinda ya kashe. Ɗaya ya yarda har ya sayi siminti. Ɗayan ya ce shi haya yake yi, sai an samu mai filin, mai filin kuma yana Ibadan, an karɓi lambarsa an ba limamin ya kira shi kafin damina ta kama.